Direban da Ya Tsani Wake

Kawuna direban bas ne. Tun yana saurayi abincinsa bai wuce burodi da farar shinkafa da shayi mai uban sukari ba. Wake kuwa ko ƙamshinsa ba ya so, wai direban da ya ci wake ya zalunci fasinjan gaba. Ƙwai da kifi, a cewarsa, abincin masu zaman ofis ne.

Da girma ya zo, gajiya ta sa shi gaba. Wando ya fara zamewa, damtsen da yake taƙama da shi ya saki. Rannan yana canja taya ƙarfe ya yanke shi a ƙauri, ciwon ya ƙi warkewa. Matarsa ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti.

Likitar ta wanke ciwon, ta tambayi abin da yake ci. Da ta ji, sai ta ajiye biro.

"Baba, da irin wannan cin, da wuya in kana da isasshen laisin."

Kawu ya zaro lasin tuƙinsa ya ɗora mata a tebur. "'Yata, duba da kyau, bai ƙare ba. Ko ɗan sanda bai taɓa yi mini wannan ƙazafin ba."

Sai da ta gama cin dariyarta sannan ta yi masa bayani. Laisin, in ji ta, sinadari ne da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, sai an ci. Da shi ake gina tsoka, yana taimaka wa ciwo ya haɗe, ƙashi ya yi ƙwari. Na cikin hatsi kaɗan ne. Akwai shi a nama, kifi, ƙwai, madara da wake.

"A cire na ƙarshen," in ji Kawu.

"Shi ke gare mu a gida," in ji matarsa.

Ya fara ci yana yamutsa fuska, da ƙwai a gefe don rarrashi. Ciwon ya warke, wando ya zauna. Shi ke nan Kawu ya koma mai wa'azi a tasha. Duk direban da ya gani da gayan burodi sai ya tsaya a kansa yana girgiza kai, har suka raɗa masa Malam Wake.

Wata rana a gida yana neman ƙarin wake, matarsa ta ce, "Shekara da shekaru ina roƙonka ka ci."

"Ke wake kika ce," in ji shi yana miƙa kwano. "Da kin faɗi sunansa na asibiti, ai da tuni na ci."