Cokali Nawa Take Sha?

Duk wanda Kawu Liman ya ɗaura wa aure a yankin nan namu na Amurka, daga Hyattsville har Bowie, ya san koren filas ɗinsa. Ba ya sa ranar ɗaurin aure sai ya zaunar da saurayi da budurwa a falonsa, ya tsiyaya shayi, ya tura wa saurayin gwangwanin sukari. "To, zuba mata. Cokali nawa take sha?" In ka tsaya inda-inda, sai ya rufe filas. "Ni ba na ɗaura abin da ban sani ba."

Kun tuna likitan zuciyar nan? Ya zabga cokali uku, yarinya ta kurɓa ta yamutsa fuska. Kawu ya ce, "Dakta, kullum kana buɗe zukatan Turawa, wannan da aka ba ka kyauta ba ka leƙa ba? Dawo mako mai zuwa." Wallahi ya dawo, har irin madarar da take so ya haddace.

Taurin kai kuwa, ba a magana! Ya ƙi bin na'urar nuna hanya, wai ba macen da za ta riƙa ba shi umarni daga cikin waya. Ranar wani biki muna ta jiransa, ashe ya faɗa zauren Habashawa a Annandale. Ya ci abincinsu, ya sa wa ma'auratansu albarka, ya iso yana sakace.

"Kawu, ina ka shige?"

"Aure na tarar a hanya. In wuce shi?"

Makirufo kuma in ya shiga hannunsa, ko wane babban malami ne ya zo, sai dai ya zauna ya ce amin. Bai taɓa bar wa kowa ɗaurin aure ba.

Sai aka zo kan 'yata Safiya. Mahaifinta ya rasu, ta kawo Yusuf, baƙar fata ɗan Baltimore da ya musulunta shi kaɗai a danginsu. Baffanta a Kano, wanda shi ne waliyyi, ya ce ba zai ba da ita ba sai wani dattijo da ya sani ya nema wa yaron. Yusuf ba shi da kowa. Safiya ta daina fara'a, ni kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Na kai su wajen Kawu, ƙanen mahaifiyata. Ya tura gwangwani kamar kullum. Yusuf ya mayar da murfin, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Ba ta sha, Kawu. Tun da ciwon suga ya kashe babanta."

Ni da na haife ta, kullum ina zuba mata, ban taɓa lura tana barin kofin ba. Kawu ya dubi yaron. Sai ya ce, "Kira min baffan nan."

Ranar ɗaurin aure zaure ya cika, baffa yana kan waya. Kawu ya miƙe da makirufo, ya miƙa wa wani matashin malami. Jama'a suka kalli juna, wata ta ce, "Lafiya Kawu?" Ya taka a hankali zuwa ɓangaren ango inda kujeru suke wayam, ya zauna kusa da Yusuf, ya dafa gwiwarsa.

"Muna neman auren Safiya wa ɗanmu. Na san shi."

Na yi kuka har kwallina ya zube. Shi kuwa ana shafa fatiha ya fara ƙorafi wai malamin ya gajarta addu'a.

Da Kawu ya rasu bara, Yusuf ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Filas ɗin yana gidansu yanzu.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka tsaya wa wanda ba shi da kowa, Allah Ya tsaya maka. Amin.