Notin da Bai Yi Ƙara Ba

Ni bakanike ne. Ban yi boko ba. Abin da na sani, a garejin wani dattijo Ibo na koya, a Asata cikin Enugu. Oga muke ce masa.

Yana da wata ɗabi'a. Ba ya ɗaura noti a cikin inji sai ya sake shi a kan siminti ya saurara. Mai kyau yana yin ƙara siririya kamar ƙararrawa. Mai tsaga a ciki kuwa sai ya faɗi dum, kamar dutse. Mukan yi masa dariya a bayan ido.

Da rikicin da ya kai ga yaƙin basasa ya tashi, 'yan Arewa suka fara barin gari. Jirgin ƙasa ya cika har rufi. Matata na da tsohon ciki, ba za ta iya wannan turmutsitsin ba.

Akwai wata motar tsere a garejin, wani Bature ya bar wa Oga ita da injinta a kwance. Oga ya ce, "Malam, haɗa ta, ka kai madam Makurdi. Ba mai kamo wannan a hanya."

Kwana biyu muka yi a kanta. Muka zo kan notunan da ke riƙe sandunan fistin, guda takwas, sababbi daga Onitsha, sai ƙyalli suke yi. Idan ɗaya ya tsinke ana gudu, sandar za ta fasa cikin inji, baƙin mai ya tsiyaye, mota ta tsaya a daji. A lokacin, tsayawa a hanya mutuwa ce.

Oga ya fara sakinsu ɗaya ɗaya. Na ce, "Oga, ba lokaci."

Ya ce, "Kai da ka fi agogo sauri, yi shiru in ji."

Bakwai suka yi ƙara. Na takwas ya ce dum.

Na ce mu sa shi haka nan. Bai ko dube ni ba. Ya shiga ƙarƙashin motarsa ta hawa, wadda kamfaninsu ɗaya da ta Baturen, ya zubar da baƙin man injinta, ya ciro noti guda. Ya sake shi a ƙasa, ya yi ƙara. Motarsa ta zauna ke nan, alhali shi ma yana da iyalin da zai iya buƙatar kwashewa.

Bai bar ni na tayar da injin ba. Sai da ya cika famfon mai da hannu, ya cire fulogi, muka yi ta juya inji har allurar da ke nuna ƙarfin baƙin mai ta ɗaga. Matata na zaune a kan buhun kayanmu. Ta ce, "Malam, a nan zan haihu ne?"

Oga ya ce, "In namiji ne, ni zan koya masa aiki. Uban ba ya jin magana."

Muka fita da hantsi. Ido ɗaya a titi, ɗaya a kan allura. Ba ta sauka ba ko sau ɗaya. Kafin la'asar muka haye gadar Binuwai. Bayan kwana tara matata ta haihu, mace.

Da yaƙi ya ƙare na koma Asata. Rufin garejin ya tafi, simintin yana nan. Oga ma yana nan, ya rame, haƙora sun ragu. Na miƙa masa notuna takwas a ƙunshe cikin tsumma.

Ya kwance, ya ɗauki ɗaya, ya sake shi. Muka saurara.

Ya ce, "Wannan zai yi. Ina madam?"