Wuƙar Lauwali da Huhun Maraƙi

Lauwali ɗan mahauta ne kaka da kakanni, a mayankar Gusau ya buɗe ido. Yana ƙarami ubansa ya taɓa kwaɗa masa mari har ya ga wuta, don ya tsaya kallon tunkiya tana shure-shure har ta zama mushe. Marin nan bai taɓa barin kuncinsa ba.

Karatun matarsa Salwa ne ya kawo shi garin Greensboro a Amurka. Ya sha dakon kwalaye a shagunan titin Wendover kafin Dakta Nanret, likitar dabbobi 'yar Filato, ta ɗauke shi aiki a ɗakin gwajinta. A feɗe gawar dabba kam, sai dai a bi bayansa.

Ana nan sai tari ya faɗa wa maruƙan wata gona a bayan gari, suka dinga zubewa. Dakta ta ce sai an yi wa wanda ba a taɓa ba shi magani ba allurar kisa, a duba huhunsa a gano ƙwayar cutar, in ba haka ba garken ya tafi ke nan. Da suka je gonar, biyu kaɗai suka rage irin haka. Ta zaɓi wanda ya fi jigata, ta nufi mota ɗauko allura.

Tana juya baya maraƙin ya yanke jiki ya faɗi, ido ya kakkafe. Wallahi Lauwali ko da kansa bai yi shawara ba. Ya danne shi da gwiwa, ya juya shi alƙibla, ya yi bisimilla, ya zarga wuƙa. Jini ya yi tsartuwa har bango, yankakken maƙogwaro yana gurnani yana zuƙa.

Zuƙar nan ce ta yi ɓarna. Da aka fasa ƙirji, huhu ya sha jini jajir, ba a bambance ciwo da aikin wuƙa.

"Malam Lauwali, wa ya sa ka?" in ji Dakta a fusace.

"Mushe zai yi, Dakta."

"To wa zai ci?"

Lauwali ya goge wuƙar ya mayar ƙugu. Ta nuna ɗayan, ɗan ja, wanda tun safe yake tsotsar yatsansa, ta ce ya riƙe mata.

Ya rungume shi. Allura ta shiga jijiya, ɗan maraƙin ya saki jiki ya mutu a ƙirjinsa, ga wuƙa a ƙugu bai taɓa ta ba.

An gano cutar, sauran garke ya tsira. Amma har suka koma gari hannun Lauwali na kan kuncinsa, daidai inda ubansa ya mare shi.