Zanen aro na Salmatu mai ƙuli

Duk direban da ya taɓa jiran layi a bodar Magama ya ci ƙulin Salmatu. 'Yar Gangara ce, aure ya kawo ta nan shekara goma sha shida da suka wuce, katangarmu ɗaya. Ban taɓa ganin hannunta babu maiƙo ba. Gyaɗa ce abincin gidan, don mijinta Ɗantala tun da aka rufe boda kwanakin baya sana'arsa ba ta sake miƙewa ba.

'Yarta Na'ima ta kai shekara huɗu ba ta fi 'yar biyu ba. Sai shan ruwa, sai fitsari, ƙafafu suna lanƙwashewa. A asibitin Katsina likita ta ce ƙodarta ce ba ta fitar da tsamin jini, tsamin kuma yana cin ƙashi. Ta ba da wani maganin ruwa, ta ce kada a tsallake ko rana ɗaya in ana son yarinyar ta yi tafiya.

Salmatu ta dawo da murna. Don yarinya ta yi ƙiba, ta fara dama mata kunun gyaɗa safe da yamma. Cikin mako jiki ya tashi da borin jini, leɓe ya kumbura.

Ni, mai bakin da ba ya zama shiru, na leƙa ta katanga na ce, "Maman Na'ima, wanga magani bai karɓe ta ba. Ki aje shi."

Ta ajiye. Ta ƙara yawan kunu. Wata bakwai muna haka, muna zagin maganin asibiti, har ranar da numfashin yarinyar ya sarƙe aka kwashe ta sai Katsina. Na bi su.

Da yarinyar ta farfaɗo, likita ta zauna da takarda. Ta ce kowace uwa mai yaro da irin wannan ƙoda suna tambayarta, don su san yara nawa ne jikinsu ke ƙin wani abinci. Ta tambayi abin da Na'ima ke ci. Salmatu ta faɗa. Aka yi gwaji, gyaɗa ce. Maganin ba shi da laifi, kuma wata bakwai ɗin nan sun tafi da abin da suka tafi da shi a ƙafafun. Kunya ta hana ni ɗaga kai, har yau ban yafe wa kaina ba.

Salmatu ba ta iya barin suya, yarinya kuma ba ta iya zama a gidan da ko tabarma gyaɗa ce. Aka mai da ita Gangara wurin kakarta, da kwalaben magani.

Ran Juma'a Salmatu take zuwa ganinta. Sai ta yi wanka sau biyu, ta kankare farce, sannan ta tsaya bakin ƙofata.

"Yaya, ara mani zane. Nawa duk mai ne, ina son in ɗauke ta."