Kunyata da Kunyar Gwaggo

Shekarun baya, zamanin da kuɗin man fetur suka fara shigowa, aka yi ta buɗe makarantun firamare a kowane lungu, ina koyarwa a Ƙanƙara. A lokacin na haifi ɗan fari. Na yi wankan jego a gidanmu a Sabuwa, hutu ya ƙare, sai maganar wadda za ta riƙe jariri daga safe zuwa azahar ta taso. Maigidana malamin gona ne a Faskari, sai ƙarshen mako yake hawo babur ya zo. Mahaifiyata kuwa ba ta iya barin gida.

Mutum biyu ne a gabana. Ta farko maƙwabciyata, dattijuwa da mijinta ya rasu, mai toya ƙosai tana kaiwa ƙofar makarantarmu lokacin da yara ke fita tara. Ita ta kawo kanta.

"Malama, ki bar mani shi mana. Bayana ba kowa, tire ne kawai a kaina."

Ta biyu gwaggon maigidana ce, wadda surukata ta ce za ta turo daga Tafoki.

Na zauna na auna su kamar mai duba jarrabawa. Maƙwabciyata akwai surutu, kuma kullum tana gindin murhu cikin hayaƙi. Gwaggo kuwa jini ce, ta raini 'ya'ya da jikoki, ga natsuwa. Na ba Gwaggo maki mafi yawa. Abu guda ne ban sa a cikin awon ba.

A wajenmu mace tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban dangin miji. Tsarin da na yi shi ne a riƙa kawo mini shi makaranta lokacin tara, ya sha nono, in koma aji. Tsari ne mai kyau, sai dai a raina kawai ya tsaya. Safiyar farko na tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo da littattafai a hannu, maganar ta zo har bakina, sai na ji na ce, "Gwaggo, na tafi."

"A dawo lafiya. Ki bar ni da angona."

Na bar mata gwangwanin madara da bulumboti na shayar da jariri, waɗanda a lokacin kowane ma'aikaci ke ji da su. Yaron ya ƙi bulumboti. Gwaggo ta koma ɗura masa ruwan kunu da cokali, yana ɗan wata uku. Ni kuma tara na yi sai gaban rigata ya jiƙe, in ja mayafi in ci gaba da rubutu a allo. In na dawo gida ina jin kukansa tun daga zaure, amma sai na ajiye littattafai, na gaishe ta, na sha ruwa, na jira ta miƙo mini shi da kanta. Kada a ce na yi rawar jiki.

Haka muka yi mako uku. Ranar awon jarirai ma'aikaciyar asibiti ta duba katinsa ta ce nauyinsa ƙasa yake yi. Nono ma ya fara ja baya. Na dawo na ɗauki takarda na rubuta wasiƙar barin aiki. Yau abin dariya yake ba ni: ya fi mini sauƙi in ajiye aikin gwamnati da in faɗa wa tsohuwa kalma biyar.

Wasiƙar tana cikin jakata washegari da maƙwabciyata ta tare ni a ƙofar makaranta. Ta dubi rigata.

"Malama, halan ruwa aka yi cikin ajinku?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin ce a kawo maki shi?"

Na girgiza kai.

"Ashe boko bai raba mutum da wauta."

Da la'asar ta yi sallama ta shigo, ta zauna kusa da Gwaggo, ina tsaye ina jin ta.

"Gwaggo, yarinyar nan nono na zuba a aji, angonki na shan kunu a gida. Mi ke nan?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta ajiye audugar da take kaɗi.

"Tun ranar farko na goya shi har na kai zaure," in ji ta. "Sai na ce, ɗiyar mutane, ɗan fari, in kai mata shi gaban malamai maza? Ai na tozarta ta. Na koma na zauna jiran ta faɗa."

Maƙwabciyata ta ce, "Ita ma jiran ki take. Ku biyu kun yi kunya, shi ya yi rama."

Daga washegari, tara na yi sai ga maƙwabciyata, tire a ka, jariri a baya. Shugaban makaranta ya ba ni ɗakin ajiyar alli da tsintsiya. A awo na gaba nauyinsa ya dawo, na yaga wasiƙar. Da kaka ta yi Gwaggo ta koma Tafoki. Surukata ta ce za ta turo wata, na aika ta bakin maigidana cewa mun gode, mun samu. Maƙwabciyata ce ta raine shi har da ƙannensa biyu. Sai da ya shiga makaranta ƙamshin ƙosai ya bar rigunansa.

Daga baya na bar koyarwa na shiga aikin rediyo, inda magana ce sana'ar. Ban taɓa ganin laifin Gwaggo ba, mutuncina take karewa. In matasan mata suka tambaye ni yadda ake zaɓen mai raino, nakan ce su duba tsabta da amana, sannan kowace ta tambayi kanta abu guda: zan iya buɗe baki in faɗa wa matar nan abin da nake so?

Shi kuwa ɗan farin, yanzu furfura ta fito masa, kuma har yau ban taɓa faɗin sunansa ba. Amma ranar da matarsa za ta koma aiki bayan haihuwar fari, ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce, "Hajiya, na tafi." Ban bar ta ta miƙe ba sai da na tambaye ta, "Ƙarfe nawa za a kawo maki shi?"