Ƙulli na Bakwai

Ina ƙarƙashin rumfarmu ina riƙe da hannun wata yarinya tana zana harafin B, Yaya Sidi ya kira ni a waya. Ya ce, "Hadiza, sai haƙuri, Kaka ta cika." Na sallami yara, na tara allunan, sannan na zauna.

Rumfar nan mu matan unguwa muka kafa ta, don yaranmu sai su yi shekara uku a lakwal, makarantar boko, ba su iya karanta sunansu ba. Ni a aji shida na tsaya, amma ina haɗa baƙaƙe.

Kaka ce ta raine mu. Lokacin ɗari, bayan sallar isha'i, takan tura ƙirare cikin murhu ta ce, "Ku matso, ƴan banza, wutar ba ta kai safe." Sai mu lafe jikin zanenta mai warin hayaƙi. Wadda na fi so ita ce tatsuniyar igiya. Wani madugu ne mai kai ayari Bilma ɗaukar gishiri. Kowace rijiya ya wuce sai ya yi mata ƙulli a igiyarsa, kowane ƙulli da irin ɗaurinsa. Ba wanda ya kula sai ƙaramar ɗiyarsa, mai shafa igiyar tana tambaya. Wata shekara madugu ya makance a tsakiyar hamadar Tenere, salkunan ruwa sun bushe, manyan maza na ta gardama. Yarinyar ta ɗauki igiya, ta bi ta da yatsa, rijiya bayan rijiya. Kullum a ƙulli na bakwai barci ke ɗauke ni. Da safe in na roƙi ƙarshen sai ta ce, "Da rana? So kike ki ɓata a hanya, ki bar ni da neman ki?"

Bara wasu ƴan furoje, ma'aikatan wata ƙungiyar tallafi, suka zo daga Yamai, suka ga rumfarmu, suka yaba. Muka ce musu littattafan lakwal na Faransanci ne, cike da itatuwan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Muna son tatsuniyoyin Kaka a rubuce da Hausa. Suka amince. Suka iso gidanta ƙarfe goma na safe da na'urar ɗaukar murya.

Kaka ta dube su ta ce, "Ɗana, a gidanku da rana ake tatsuniya? Ku sha shayi, ku dawo bayan isha'i."

Shugabansu ya yi dariya, ya ce motar biro, wato ta ofishinsu, ba ta fita bayan ƙarfe huɗu. Sau uku suna zuwa, duk da safe. Daga baya na ji sun rubuta cewa tsohuwar ba ta ba da haɗin kai ba. Tsakanin masaukinsu da ƙofarta, ko jaki ba ya gajiya. Mutanen da suka zo koya wa yara karatu sun kasa karanta abu guda da kowane yaro a Agadas ya sani.

Sai na sayi kaye da bik na rubutu, na riƙa zuwa da kaina bayan isha'i. Hannuna ba shi da sauri, tari kuma na katse ta. Takan ce, "Ke har yanzu? Ai akuya ta fi ki saurin rubutu." Yanzu na gane ɗiyar madugun nan karatu take yi, kuma ta iya ne don an bar ta ta taɓa igiyar gidansu.

Tatsuniyoyi huɗu na kammala, yara na karanta su a rumfa. Ta igiya na bar ta ƙarshe don ina jin daɗin jiran ta. Ranar Laraba muka kai ƙulli na bakwai, Kaka ta ce ta gaji, sai gobe. Bayan ta cika na tambayi Yaya Sidi ƙarshen, ya ce shi ma a nan barci ke ɗauke shi muna yara. Rabin shafin nan babu komai a kansa.