Ranar da Aka Ɗage Aikin Yayata

Yayata 'yar kasuwa ce, tana saro atamfa daga Nijar tana sayarwa a Sabon Birni. Ƙiba ta yi mata yawa har tafiya ta fara gagarar ta, ga ciwon suga. Likitoci suka ce sai an yi mata aikin rage tumbi. Ni na raka ta wani asibiti a Abuja.

Kafin a sa rana, aka tura mu wurin likitar ƙwaƙwalwa. Hankalina ya tashi, ina tsoron kada Yaya ta faɗi abin da zai sa a fasa aikin.

Likitar ta tambaye ta yadda take barci, da wanda zai yi jinyarta a gida. Sannan ta ce, "Hajiya, yaushe kika fi cin abinci?"

Yaya ta daɗe tana murza bakin gyalenta. Can ta ce, "In na ji ƙarar babura. Tun da 'yan bindiga suka tare mu a hanyar Gatawa, da gabana ya faɗi sai in nufi tukunya. To in an rage mini ciki, mi za ni yi da tsoron?"

Gida ɗaya muke da ita, amma ban taɓa lura ba.

Likitar ta ɗage aikin wata uku, suna magana ta waya duk mako. Watannin nan kullum cikin fargaba nake, da sugan ya hau sai in ga kamar ba za ta kai ba. Ta kai, aka yi aikin, ta tashi lafiya.